Farautar taurari da kyamara: Yadda ɗalibi zai ɗauko hoton abin da ido ba ya gani

Duk wanda ya taɓa ɗaga wayarsa sama cikin dare ya danna, ya san abin da ke biyo baya. Allo baƙi ƙirin, sai ɗigo biyu ko uku da ba ka tabbatar ko taurari ne ko ƙura ce a gilashi ba. Ga sama cike da taurari, amma waya ta ce ba ta ga komai ba. Shi ya sa idan matasanmu suka ci karo da hotunan nan masu launin ja da shuɗi a Instagram ko Facebook, wasu kan ce aikin hukumar NASA ne, wasu kuma su ce haɗin kwamfuta ne kawai.

Da yawa daga cikin hotunan nan, masu sha'awa ne suka ɗauke su a bayan gidajensu, da irin kyamarar da masu hoton biki ke rataye da ita, tare da wata 'yar na'ura mai bin tafiyar taurari. Wannan sha'awa ba ta fi ƙarfin ɗalibin da ke Kano ko Sakkwato ko Damagaram ba. Hasali ma, akwai abin da muke da shi wanda masu kayan aikin miliyoyi a Turai ke biyan kuɗin jirgi don su je su nema, wato duhun dare.

Me ya sa hoton ke lalacewa?

Matsala ta farko ita ce ƙarancin haske. Da rana, kyamara kan buɗe ƙofarta ta rufe cikin ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, hasken da ya shiga kuma ya wadatar. Hasken taurari kuwa tamkar yayyafi yake. Idan kana son tara ruwan yayyafi, dole ka bar bokiti a waje ya daɗe. Haka ma kyamara: sai an bar ƙofarta a buɗe na sakan 30, ko minti ɗaya, ko fiye, haske yana taruwa sannu a hankali. A nan ne ta fi idon mutum, domin ido ba ya tara haske, kuma a cikin duhu ba ya rarrabe launi sosai.

To, da ka bar ƙofar a buɗe sai matsala ta biyu ta kunno kai. Duniya tana juyawa. Tana kammala zagaye ɗaya, idan an auna da taurari, cikin awa 23 da minti 56 da sakan 4. Ma'ana, sama tana gusawa da kimanin digiri 15 a kowace awa. Faɗin farin wata a sama rabin digiri ne, don haka cikin minti biyu kacal tauraro ya yi tafiyar da ta kai faɗin wata. Ido ba ya lura da wannan, amma kyamara tana rubuta shi. Maimakon ɗigo, kowane tauraro sai ya fito kamar an ja layi da alli.

Masu wannan harka suna da wani lissafi na ƙiyasi da suke kira dokar 500. Ka raba 500 da lambar milimita da ke rubuce a jikin gilashin kyamararka, abin da ya fito shi ne yawan sakan da za ka iya barin ƙofa a buɗe kafin taurari su fara jan layi. Gilashi mai 50mm, sakan 10 ke nan. Mai 200mm, wanda ke jawo abu kusa, sakan biyu da rabi kawai. Idan kyamarar mai ƙaramin farantin ɗaukar haske ce, kamar yawancin masu araha, lokacin ya ƙara raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ka ga tsaka mai wuya: haske na son lokaci, juyawar duniya kuma ba ta ba da lokacin.

Na'urar da ke bin sawun taurari

Maganin shi ne a sa kyamarar ta riƙa juyawa daidai da tafiyar sama. Aikin mabiyin taurari ke nan. Ɗan akwati ne da za ka iya riƙewa da hannu ɗaya, ana ɗaura shi tsakanin kyamara da sandarta mai ƙafa uku. A cikinsa akwai ƙaramin inji da ke juyawa sau ɗaya a rana, da saurin da bai kai na gajeren hannun agogon bango ba, yana aiki da batir ko abin cajin waya. Idan an saita shi daidai, tauraro zai tsaya cak a wuri ɗaya a cikin hoton na tsawon mintoci. Sanannu a kasuwa sun haɗa da Star Adventurer na kamfanin Sky-Watcher da SkyGuider Pro na iOptron, kuma kuɗinsu ɗaruruwan daloli ne.

Sirrin yana wajen saiti. Sama gaba ɗaya tana kewaya wani wuri guda ne a arewa, kamar yadda tayar keke ke kewaya ƙarfen tsakiyarta. Dab da wannan wuri, da tazarar da ba ta kai digiri ɗaya ba, akwai tauraruwar arewa, wadda ake kira Polaris. Dole ƙarfen da na'urar ke juyawa a kansa ya nufi can.

A nan ne ɗalibin labarin ƙasa zai ji daɗi, domin tsayin Polaris daga ƙasa daidai yake da nisan garinku daga layin da ya raba duniya biyu. A Kano digiri 12 ne, a Sakkwato da Katsina kusan 13, a Zariya 11, a Abuja 9, a Agadas 17. Idan ka miƙe hannu ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne. Ke nan a Kano, Polaris ba ta wuce dunƙule ɗaya da 'yan kai daga ƙasa ba. Bishiyar darbejiya ɗaya ko katangar maƙwabci ta isa ta tare maka ita, ga kuma ƙurar hunturu da ta fi kauri a ƙasa-ƙasa. Littattafan da aka rubuta a Ingila ko Amurka ba su cika damuwa da wannan ba, tunda su can tana sama sosai.

Don haka kafin ka duba komai, nemi wurin da arewarsa take a buɗe. Daga watan Maris zuwa Yuni, da farkon dare, taurarin nan bakwai masu siffar ludayi za su nuna maka ita: ka ja layi daga biyun da ke bakin ludayin, ka ninka tazararsu sau biyar. A Oktoba da Nuwamba ludayin yana faɗawa ƙasa da almuru, sai ka koma ga wasu taurari biyar masu siffar harafin W ko M, waɗanda ke ɗaya ɓangaren na Polaris. Manhajar Stellarium, wadda akwai ta kyauta, za ta nuna maka duka a waya. Idan hazo ya ɓoye Polaris ɗungurungum, kamfas ɗin waya da manhajar auna karkata za su kai ka kusa, sai ka rage tsawon kowane hoto zuwa sakan 30.

Wanda ba shi da dala fa?

Akwai hanyar kafinta. A watan Afrilun 1975, mujallar Sky & Telescope ta buga bayanin wata dabara ta wani mutumin Sikotilan mai suna George Haig, kuma har yau ɗalibai a ƙasashe da dama suna ƙera ta. Katako biyu ne ake haɗawa da hinji, wato ƙarfen da ƙyaure ke juyawa a kansa, su riƙa buɗewa kamar littafi. Na ƙasa yana kan sanda, kyamara tana kan na sama. Sai a huda na ƙasa a sa noti, a zura dogon bol ta ciki, yadda idan ana murza shi zai riƙa tura katakon sama yana ɗagawa.

Lissafin ba shi da wuya. Sama tana gusawa da rubu'in digiri a minti ɗaya. Bol mai lamba M6, wanda ake samu wajen masu sayar da kayan gini da na babur, yana ci gaba da milimita ɗaya a kowane zagaye. Idan ka huda ramin a nisan milimita 228 da rabi daga tsakiyar hinjin, ka riƙa murza bol ɗin zagaye ɗaya a minti ɗaya, katakon zai ɗaga daidai da tafiyar sama. Ka nufi Polaris da tsawon hinjin, kana fuskantar arewa, hinji a hagunka, bol a damanka. Ka manna wani ɗan faifai a kan bol ɗin mai alama guda, ka riƙa bin hannun sakan na agogo da ita. Da gilashi mai faɗin gani, ko rubu'in zagaye kake yi duk sakan 15 ya wadatar. Bayan kamar minti goma kuskure yakan fara taruwa, sai a mayar da bol baya a sake farawa.

Ba za ta yi gogayya da ta kanti ba, amma da gilashi mai 18mm zuwa 50mm tana ba da hoton minti ɗaya ko biyu mai tsabta. Ƙungiyar kimiyya ta kowace sakandare za ta iya haɗa ta a sati guda, kuma wanda ya haɗa ta da hannunsa ba zai sake tambayar amfanin darasin kusurwa a ajin lissafi ba.

Daren aiki

Kyamarar da ake so ita ce wadda ake cire wa gilashi, wadda kuma ke barin mutum ya saita komai da kansa. Tsohuwar Canon ko Nikon ta hannu ta isa. Idan akwai mai hoto a unguwarku, ka gayyace shi, shi da kyamara kai da katako. Wasu wayoyin ma suna da sashen ƙwararru da ke barin ƙofa a buɗe har sakan 30, kuma ana iya ɗaura su a kan katakon.

Ka sa kyamara ta adana hoto a tsarin RAW, wanda ba ya zubar da bayanai. Ka buɗe gilashi sosai, kamar f/2.8 ko f/4, ka sa ISO tsakanin 800 da 1600. Ka kashe saitin gani na kai-tsaye, domin a duhu ruɗewa yake yi. Nemi tauraro mai haske, ka faɗaɗa shi a allo, ka murza gilashin da hannu har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta. Kada ka danna da yatsa kai-tsaye, ka sa jinkirin sakan biyu ko ka yi amfani da rimot, domin ɗan motsi kaɗan yana ɓata minti guda na aiki. Idonka yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma farin hasken tocila yana rushe wannan nan take, don haka ka ɗaure bakin tocilar da jar leda.

Hoto ɗaya ba ya isa. Idan ka duba shi za ka gan shi da tsaki-tsaki, saboda ƙarancin haske da kuma zafin farantin kyamara, wanda a yanayinmu ba ƙarami ba ne. Dabarar ita ce a ɗauki hoton abu ɗaya sau da yawa, a ɗora su kan juna a kwamfuta. Tauraro yana wuri ɗaya a kowane hoto, tsakin kuwa yana sauya wuri, don haka idan an haɗa sai tauraro ya ƙarfafa, tsaki ya dusashe. Hotuna huɗu suna ninka tsabta sau biyu, hotuna 100 sau goma. A ƙarshen dare ka rufe gilashin da marfinsa ka ɗauki kamar guda 20 da saiti iri ɗaya. Waɗannan baƙaƙen hotuna su ke nuna wa kwamfuta dattin da kyamarar kanta ke haifarwa, ta cire shi. Manhajojin Siril da DeepSkyStacker da Sequator duk kyauta ne. Abin da zai fito da farko dishi-dishi ne, sai ka ja haskensa a hankali launuka su bayyana. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi ke dafa dutse.

Wane lokaci, kuma me za a ɗauka?

Farin wata shi ne babban kishiyar wannan aiki, domin haskensa yana shafe ƙananan taurari. Mu da muka saba da lissafin wata ba mu da matsala a nan: daga 25 ga wata zuwa 4 ko 5 ga sabon wata su ne dararen duhu.

Lokaci mafi kyau a shekara shi ne kaka, daga Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, ruwa ya wanke sama kuma hazo bai yi ƙarfi ba. Sai dai a kula da raɓa a gilashi. A lokacin, bayan Isha'i, Kaza da 'Ya'yanta suna tasowa daga gabas. Ido yana ƙirga shida ko bakwai, amma taurarin gungun sun haura 1,000, kuma a hoto za ka ga wata shuɗiyar ƙura ta lulluɓe manyansu. Hasken da kake ɗauka ya baro su kimanin shekara 440 da suka wuce.

Can sama ta arewa kuma akwai Andoromeda, wata duniyar taurari mai zaman kanta, wadda haskenta ke tafiyar shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso mu. Masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya ambace ta a littafinsa a wajajen shekarar 964, ya kwatanta ta da ɗan gajimare, kuma haka ido ke ganin ta har yau. A hoto kuwa tsawonta ya kai faɗin wata shida.

Daga Disamba zuwa Maris, taurarin nan uku da ke jere reras a gungun Oriyon suna ratsawa kusan ta tsakar kanmu, inda ƙurar hunturu ta fi sauƙi. Kusa da su ta kudu akwai gajimaren Oriyon, inda ake haihuwar sababbin taurari, a nisan tafiyar haske ta shekara 1,300 da 'yan kai. Shi ya fi dacewa da mai koyo, don ko sakan 30 yana fito da launinsa. A kiyaye sauya gilashi a fili lokacin hazo, kada ƙura ta shiga cikin kyamara.

A Afrilu da Mayu, idan kudu a buɗe take, za ka ga taurari huɗu masu siffar gicciye kimanin dunƙule biyu daga ƙasa, waɗanda mutumin Landan ba ya ganinsu sam. Shi kuwa farin zanen nan da ke ratsa sama kamar hayaƙi, wato gungun taurarin da ranarmu ke ciki, tsakiyarsa mafi haske tana hawa har digiri 49 a Kano, alhali a Landan ba ta kai 10 ba. Takan fito da asuba tun watan Maris, da farkon dare kuma daga Yuni zuwa Oktoba. Tunda ta faɗo cikin damina, sai a yi dakon daren da gari ya washe bayan ruwa.

Ba wasan yara ba ne

Tarihin wannan fanni cike yake da mutanen da ba sana'arsu ba ce. Henry Draper, wanda ya fara ɗaukar hoton gajimaren Oriyon ranar 30 ga Satumban 1880, likita ne a Amurka. Andrew Common, wanda hotunansa na 1883 suka nuna taurarin da ido ba ya gani ko da madubin hangen nesa, a bayan gidansa da ke Landan ya yi aikin. Isaac Roberts, ɗan kwangilar gine-gine, shi ya ɗauki hoton 1888 da ya bayyana naɗaɗɗiyar siffar Andoromeda.

Har yanzu ƙofar ba ta rufe ba. A watan Satumban 2016, Victor Buso, mai gyaran makulli a birnin Rosariyo na Ajantina, yana gwada sabuwar kyamara a kan madubin hangen nesansa sai ya kama farkon fashewar wani tauraro, abin da manyan cibiyoyi suka daɗe suna nema. Binciken ya fito a mujallar Nature a 2018. A farkon 2023 kuma aka sanar cewa wasu masu sha'awa uku daga Jamus da Faransa sun gano wani ƙaton bakan iska kusa da Andoromeda, wurin da masana suka shafe fiye da shekara 100 suna ɗauka. Kayan aikinsu sun fi katako biyu da bol, amma tushen ɗaya ne: bin sama, tara haske, da haɗa hotuna.

Arzikin da ba mu ƙirga ba

A 2016, wasu masana ƙarƙashin jagorancin Fabio Falchi na Italiya suka fitar da taswirar hasken lantarki a sararin duniya. Sun gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farin zanen nan daga inda suke zaune, a Arewacin Amurka kuwa kusan kashi 80 cikin 100. Maƙwabciyarmu Chadi tana cikin ƙasashen da samansu ya fi tsabta. Ƙauyukanmu da dama haka suke. Ba abin alfahari ba ne a ce gari ba shi da wuta, kuma babu mai fatan a dawwama a haka. Amma wuta tana zuwa, fitilu masu aiki da hasken rana suna ƙaruwa a tituna da kasuwanni, kuma a manyan biranenmu yaro zai iya girma bai taɓa ganin abin da kakarsa ke nuna wa jikoki a tsakar gida ba. Fitilar da aka yi wa hula ta haska ƙasa kawai tana ba da hasken da ake so ba tare da ta shafe sama ba. Waɗanda za su faɗa wa hukumomi haka nan gaba su ne waɗanda suka san abin da ake asara.

Sai batun tsaro, wanda ya fi kowane hoto muhimmanci. Kada kowa ya nufi daji da dare don neman duhu. Filin makaranta, ko rufin bene, ko tsakar gida a ƙauye lokacin hutu sun wadatar. A fita cikin rukuni tare da malami ko wani babba, a sanar da masu gadi ko mai unguwa tun da rana, domin mutum da sanda mai ƙafa uku da jar fitila cikin dare abin zargi ne ga wanda bai san zancen ba. 'Yan mata ma ba a bar su a baya ba, tunda aikin ba ya bukatar a fita ƙofar gida. Haka kuma kada a kuskura a nufi rana da kyamara ko madubin hangen nesa ba tare da matacin haske na musamman ba, domin tana makantarwa.

Ga ƙungiyoyin kimiyya na makarantu, ga aikin zangon karatu guda: katako biyu, hinji, bol M6, ruler, da kyamarar aro. Ku duba kalanda ku zaɓi daren 27 ko 28 ga wata, ku fara da Oriyon ko Kaza da 'Ya'yanta, ku rubuta sunan garinku da kwanan wata a ƙarƙashin hoton. Idan ya fito, ku aiko wa wannan shafi, sauran makarantu su gani.